Tokar da Helma Ya Roƙa

Litinin, 4 ga wata

Zuwa ga ɗana Likitan Ƙasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman daji? Direba ya ce mini ka rame har wuyanka ya ƙara tsawo. Na ce masa gado ne, haka ubanka yake tun muna yara a gidan kakanmu, ko me ya ci ba ya zama a jikinsa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ke gaishe ni kowace safiya. 'Yata Tilo tana gaishe ka, irin gaisuwarta. Da na ambace ka sai ta hau tafi, ta ɗauko tsohuwar hularka ta kifa a kai. Makon jiya ta faɗi sau biyu, amma ba ta ji ciwo ba.

Aikin da ka sa baki aka ba ni yana tafiya. Da za ka ga filin tsohon ramin ma'adinan yanzu, ba za ka gane shi ba. Wurin da ko ƙaya ba ta yarda ta tsiro ba, ciyawar nan taku ta rufe mutum har da hannunsa a sama. An yi yanka na biyu, an shanya. Tun safe tifa ke zuba dami a bakin tanderu, tururi na juya injin, gari na samun wuta. Ni kuwa ina can baya a ɗakin toka. Ta zubo ta bututu, in tare da jan buhu, in ɗinke bakinsa, a kai ramin da aka shimfiɗa wa roba a binne. Takunkumi a hanci, safa a hannu, takalmin roba har gwiwa, in ka gan ni sai ka yi dariya. Da yamma in share wadda ta zube a ƙasa in juye a duro. Buhu kam ana ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, amma sharar nan ba mai bi ta kanta. Sai duro ya cika nake tura shi rami da kaina.

To, ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ranar Alhamis ina wanke hannu a famfon bakin ƙofa, sai ga wani tsoho ya turo baro ya tsaya a kaina. Helma ne. Kana ƙarami lokacin, ba lalle ka tuna shi ba. Shi ne shugaban leburori sa'ad da ake haƙa, shi ke ɗauka shi ke kora, a ƙarƙashinsa marigayi mijina ya yi shekara goma sha ɗaya. Shi ne kuma ya raba mana yashin da aka wanke ma'adinai da shi, ya ce kyauta ce, mu yi daɓen ɗakuna. A kan daɓen nan Tilo ta yi rarrafe. Sauran ka sani, ga ta nan shekara ashirin da huɗu ina ɗaura mata zane.

Ya yi furfura, amma tumbin na nan inda ka san shi. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Baiwar Allah, ke ce mai tokar?"

Baiwar Allah! Mutumin da ya tsaya a tsakar gidana yana nuna inda za a juye yashi, wai bai gane ni ba. Ya ce yana da ɗan lambu a tsakar gida, gara ta dame shi, ya ji muna binne toka a banza, ko zan sam masa. Na nuna masa allon da aka rubuta haɗari da jan fenti. Ya kwashe da dariya ya ce, "Yaran zamani da tsoro! Abin da ya shiga wuta, wace guba ta rage masa? Ai wuta ta cinye." Na ce ya je ya dawo wani makon.

Kai ka yi karatun abin nan, kai ke yawo da kwalabe kana auna ƙasa. Ka gaya mini gaskiya, wuta tana cinye gubar ko ba ta cinyewa? Tambaya kawai na yi. Ka ba Direba amsa, tunda can inda kake waya ba ta shiga. Ka riƙa cin abinci.

Gwaggonka

*

Laraba, 13 ga wata

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na yi murna da jin kuna lafiya. Ki gaida mini Tilo, ki ce hular ta zama tata halak malak. Gwiwar nan ki daina raina ta, ki je a duba. Batun rama kuwa, Direba ya cika ƙarin gishiri. Shi da ba ya wuce mai abinci a hanya bai tsaya ba, kowa ramamme ne a idonsa. Ina lafiya. Muna nan muna tona ƙasar wani tsohon rami, muna duba ko shi ma zai karɓi ciyawa. Sauro ne kawai ya ɗauke mu 'yan gida.

Amsar tambayarki a'a ce, Gwaggo. Wuta ba ta cinyewa. Dalilin shuka ciyawar ma ke nan: saiwarta tana tsotso dalma da sauran guba daga ƙasa, suna hawa cikin kara da ganye. In an ƙona, ciyawa ce ke ƙonewa, dalma ba ta ƙonewa. Kina gani da idonki tifa guda ta dami tana komawa 'yar toka kaɗan. To duk gubar da ke cikin tifar nan, cikin 'yar tokar ta taru. Shi ya sa ake ɗinke buhu, shi ya sa ake shimfiɗa roba a rami, shi ya sa kuma na dame ki da maganar takunkumi har kika ce na fi manaja fitina.

Babba kamar Helma zai iya yin shekaru yana taka ta bai ji komai ba. Ƙananan yara ne ke kwasa, masu rarrafe, masu kai hannu baki. Wannan kin fi ni sani. Don haka in ya dawo ki ce masa babu, ki kuma gaya wa manaja an fara zuwa roƙon toka, a ƙara sa ido. Sharar duron nan ma ya kamata a riƙa ɗinke ta a buhu, zan yi musu magana in na zo.

Helma kuwa, na tuna shi sarai. Na tuna ranar da mijinki, Kawu, ya dawo daga gidansa ya zauna a bakin ƙofa ya kasa shiga ɗaki. Wallahi da ni na gan shi tsaye da baro, ban san abin da zan yi masa ba. Ki yi haƙuri, ki haɗiye kamar yadda kika saba.

Kafin in taho na sake leƙa ofis kan maganar daɓenku. Sun ce gidanku yana cikin jerin gidajen da za a tone a zuba sabuwar ƙasa, sai dai an gama da filin gabas tukuna. Na san kin gaji da jin wannan. Kafin nan kada ki ɗage ledar da na shimfiɗa muku, kuma ki riƙa goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Ɗanki

*

Asabar, 16 ga wata

Ɗana,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, Tilo ta ɗan yi zazzaɓi amma ya sauka. Takardarka ta iso jiya, na karanta ta sau huɗu. Ka ce in haɗiye kamar yadda na saba. Shekara ashirin da biyu ina haɗiya, yaro, har maƙogwarona ya yi kanta.

Bayan na aika maka ta farko na kasa zama. Ranar hutuna na yafa mayafi na bi ta unguwar su Helma kamar mai neman wani gida. Ƙofar a buɗe take. Ka san abin da na fara gani? Siminti. Tun daga zaure har ƙofar ɗakuna siminti ne, tsoho, ya tsattsage, ka gani ka san tun zamanin haƙa aka zuba shi. Mutumin da ya ce mana yashin nan ya fi siminti ƙarko, ko cokali guda bai kai gidansa ba. A tsakiya kawai ya bar ƙasa, nan lambun yake, tumatir da alayyafo da bishiyar lemo ɗaya. A gefen lambun kuma ga jikarsa, 'yar wata goma ko sha ɗaya, ƙatuwa tubarkalla, tana rarrafe tana damƙar ƙasa tana kaiwa baki. Uwarta, matar ɗansa, tana wanki tana ce mata, "Kai, tofar!" tana dariya. Haka nake yi wa Tilo, da irin wannan dariyar.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kawunka yana gyaran famfo a bayan ofis ranar da likitan kamfanin haƙar ya tara helmomi, ya ji da kunnensa an ce yashin nan kada ya kusanci gidan kowa, a kwashe a kai can bayan dutse. Bayan dutse da nisa, sai an yi kwana da kwanaki ana jigila. Helma ya ga unguwar leburori ta fi kusa. Da Kawunka ya ga tifa a ƙofarmu ya tambaye shi, sai ya ce ai wannan wani ne daban, an riga an wanke shi tas. Muka yarda. Ni da hannuna na yi girki na musamman na aika masa don godiya. Wannan kwanon abincin shi ke hana ni sukuni har yau.

Tilo ta fara magana kafin abin ya same ta. Tana cewa Inna, tana cewa ruwa, tana kiran kyanwar maƙwabta. Sai jijjiga, sai sanƙarewa, sai kalmomin suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Da likita ya faɗi dalili, Kawunka ya je ya sami Helma. Ya ce masa, "Ƙaddara ce, kai ba musulmi ba ne?" Kafin mako ya zagayo ya sallame shi daga aiki. Baƙin cikin nan ne ya ci Kawunka, ba hawan jini ba.

Yanzu ga shi ya wanke ƙafa ya zo da baronsa, da bakinsa ya roƙa, na nuna masa allo ya yi mini dariya. Ni na kira shi? Da a kansa nake tunani, ina cewa ko tsohon banza zai sha wuya. Sai ga takardarka ta ce babba ba ya jin komai, masu rarrafe ke kwasa. To madalla. Ni dama ba ciwo nake so ya yi ba. So nake ya zauna a kan simintinsa ya ga abin da nake gani kullum. Kai ma ka ce da kai ne ba ka san abin da za ka yi masa ba. Na gane, kunya ce ta hana ka faɗa a fili.

Duro ya kusa cika. Helma ya sake zuwa shekaranjiya na ce tukuna. Zan jira ka. In kana da magana da za ta shiga kunnena, ka aiko ta a motar da ke tafe, zan saurara, don ba ni da wani namiji a dangi da nake jin maganarsa sai kai. In kuwa na ji shiru, na san jininka ya yarda da nawa.

Gwaggonka

*

Juma'a, 13 ga sabon wata

Ɗana,

Gaisuwa. Muna nan da rai.

Mota ta zo sau biyu. Duk zuwan sai na tare Direba na ce, "Ka ba shi takardata?" Ya ce ya ba ka. Na ce, "Ya ba ka saƙo?" Ya ce babu. Kwana ashirin da bakwai na ba ka. Na gode da ba ka yi mini wa'azi ba.

Jiya da la'asar Helma ya zo. Maigadi ya tafi alwala. Na jawo duro bakin ƙofar baya, na ɗauki shebur na cika masa baro da hannuna, har na daddanna don ta ƙara ci. Ya kai ya dawo na sake cikawa. Ya ce zai barbaɗa ta ko'ina, har gindin bango inda gara ke fitowa. Na ce ya kyauta.

Da zai tafi ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yi wa 'ya'yanki albarka, baiwar Allah."

Na ce amin.

Na dawo gida na yi wa Tilo wanka, na taje mata kai, na ba ta abinci a baki, ni ma na ci na ƙoshi. Rabon da in ci abinci ya yi mini daɗi haka har na manta. Ka ƙona takardar nan in ka karanta.

Gwaggonka

*

Asabar, 21 ga wata

Gwaggo,

Ina fatan kuna lafiya, ke da Tilo. Ni ba lafiya ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Yau da hantsi Direba ya miƙo mini takardunki biyu a tare. Waccan ta sha shida ga watan jiya ya sa ta a akwatin gaban mota, motar ta lalace a hanya, ta yi wata guda a gareji, shi kuma yana zuwa da wata. Kunya ta hana shi gaya miki ya manta, sai ya ce ya ba ni. Ban yi shiru ba, Gwaggo. Ban ga takardarki ba sai yau. Kin ɗora ran 'yar mutane a kan shirun da ban ma san ina yi ba.

A tsaye na karanta su. Na ari babur na yi tafiyar awa biyu zuwa kan tudun da waya ke shiga, na kira manaja. Na gaya masa gidan, na gaya masa akwai mai rarrafe, na ce a fitar da ita yau ɗin nan kafin komai. Ya tambaye ni yadda toka ta fita daga ma'aikata. Na faɗa masa. Na faɗi sunanki da bakina, kuma ban ƙona takardar ba. Gara ki ji daga wurina.

Innalillahi, Gwaggo! Maganar da na rubuta don in tsorata ki, ita kika ɗauka kika wasa. Na ce yara ke kwasa don ki tuna Tilo ki ja baya. Na ce ban san abin da zan yi masa ba, ina nufin ko in zage shi ko in shaƙe shi, shi, mai tumbin, ba jaririya ba. Yarinyar nan ba ta raba wa kowa yashi ba. Uwarta ma ba a kawo ta gidan ba lokacin. Tun ɗazu nake juya takardata a kai, ina cewa da ban yi bayani dalla-dalla ba, da na ce miki a'a kawai na rufe baki.

Ba na kare Helma. Abin da Kawu ya ji a bayan ofis, da kin gaya mini tuntuni da na san ƙofar da zan buga, ko da za a shekara ana yi. Yanzu kin ba shi abin da bai taɓa samu ba, ya zama shi ne aka zalunta.

An ce in tattara in zo babban ofis ranar Talata. Ni na tsaya miki aka ɗauke ki, kuma na san da maganar duro ban kai ta gaba da wuri ba. Ko me suka yanke na karɓa. Abin da ke ci mini rai shi ne filin can. Shekara shida muna lallashin mutane su yarda ciyawar nan gyara take yi, yanzu za a ce ma'aikatar ma guba take rabawa.

Ke kika goya ni lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, ban manta ba. Ki yafe mini ɓacin ran da na jawo miki. Amma ko gobe aka sake, zan sake hawa tudun nan. Ki nemi gafarar Allah, ki kuma nemi ta matar nan.

Ɗanki, har yanzu

*

Lahadi, 5 ga sabon wata

Likitan Ƙasa,

Na gaishe ka, don an koya mini gaisuwa. Tilo lafiya. Gwiwa ta samu hutu, tunda yanzu ba inda nake zuwa. Na ji an mayar da kai ɗakin gwaji kana wanke kwalabe, an ba wani filinka. Ban ji daɗi ba, ban kuma ce ka yi mini daidai ba.

Bari in ba ka labarin abin da wayarka ta haifar, tunda ba ka nan. Ranar da ka kira, kafin la'asar an kwashe mutan gidan an kai su masauki. Washegari sai ga katafila, ga tifa uku, ga mutane cikin fararen riguna har da rufe fuska. Suka tone tsakar gidan Helma har zurfin gwiwa, suka kankare bango, suka wanke simintin da injin. Suka kawo baƙar ƙasa mai kyau suka zuba. Har tumatir suka dasa masa sabo, wallahi, da bishiyar lemo wadda ta fi tasa. Manaja da kansa ya je ya ba shi haƙuri. Kwana huɗu aka yi aka gama komai.

Kwana huɗu, ɗana. Tokar kwana tara ta yi a gidansa. Nawa yashin shekara ashirin da huɗu ke nan, yana nan ƙarƙashin ledarka.

Ranar da na je mayar da takalmi da safa, manaja ya ce ba zai kai ni ga hukuma ba saboda Tilo. Na san ba don Tilo ba ne, surutu ne ba sa so. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, tunda katafilar na kusa, gidana fa?" Ya sunkuyar da kai yana gyara takardu ya ce muna cikin jeri. Na yi dariya har maigadi ya leƙo. Unguwa kuwa ta rabu biyu. Masu cewa ni mayya ce sun daina gaishe ni. Matan tsofaffin leburori, waɗanda su ma suka yi daɓe da yashin, kullum sai na tarar sun ɗebo mini ruwa sun ajiye a ƙofa.

An ɗebi jinin yarinyar. Ma'aikaciyar asibitin maƙwabciyata ce, ta ce an ga abin kaɗan ne ƙwarai, likita ya ce da wuya ya yi mata illa, amma a riƙa kawo ta awo duk wata uku har shekara biyu. An ce Helma ya daina zaman majalisa. Yana gida yana bin jika da ido, in ta yi tuntuɓe ya miƙe, in ta yi shiru ya ce a kira ta a ga ko za ta waiwayo. Wannan kam ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini daɗi, kuma har yanzu yana yi.

Shekaranjiya da hantsi ina ba Tilo abinci sai na ji sallama. Surukar Helma ce, ita kaɗai, da 'yar a goye. Na miƙe na gyara ɗaurin zane, na ce yau akwai dambe. Ba ta zage ni ba. Ko kallona ba ta yi ba. Tilo take kallo, yadda abinci ke zubo mata ta gefen baki, yadda hannunta ke karkarwa in ta kai wa cokali. Ta daɗe a tsaye. Yarinya ce, ba ta fi Tilo shekaru ba.

Can ta ce, "Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya. Haka tawa za ta zama?"

Shekara ashirin da biyu ina jiran wani daga gidan nan ya tsaya a ƙofata ya yi mini tambaya irin wannan. Na san abin da likita ya ce. Na san kwana tara ba shekara biyu ba ne, don Tilo shekara biyu ta yi a kan yashin kafin ta fara. Kalma ɗaya ta ishe ta, in ce a'a. Sai na ji bakina ya ce, "Ni ma tawa da farko lafiyarta ƙalau."

Ba ƙarya na yi ba, ka shaida. Ta kai hannu baya ta dafa kan 'yar, ta juya. A bakin ƙofa zanen goyon ya kwance, ta tsaya tana ɗaurawa, hannun ya ƙi, sau uku tana gwadawa. Ban taimaka mata ba. Ina tsaye da cokali a hannu har ta fita.

Daɗin bai kai ta bakin titi ba ya gushe. Na san abin da za ta yi in ta isa gida, don na yi shi. Za ta zaunar da 'yar ta ce, "Ce Mama," in ba ta ce ba ta yi ta maimaita mata. Za ta riƙa tashinta daga barci don ta ga ko za ta farka. Shi tsohon nake so ya ɗanɗana, kuma yana ɗanɗanawa, amma ita ta fi shi kwasa, ita da ko sunan mijina ba ta sani ba. Tun shekaranjiya abinci ya koma ba ya wuce mini.

Ka ce in nemi gafara. Ta Allah ina nema. Ta Helma kuwa, sai ranar da ya zo ya durƙusa a kan daɓen nan ya faɗi abin da likitan kamfani ya gaya musu, a gaban matan unguwa. Kafin nan ko gawarsa aka wuce da ita ta ƙofata ba zan ɗaga labule ba. Kai ma ban gama da kai ba, sunana da ka faɗa yana nan a raina.

Amma ga abin da nake so. Ka samu wata takarda daban, ba wadda za ka rubuto mini ba. Ka rubuta abin da tokar kwana tara za ta iya yi wa 'yar wata goma sha ɗaya, da abin da ba za ta iya ba. Gaskiya tsantsa, kada ka ƙara kada ka rage, da kalmomin da mai wanki za ta gane, ba irin na ofis ba. Ka sa hannu a ƙasa da sunan aikinka, ka damƙa wa Direba, ka ce masa in ya sake mantawa da ni yake zancen.

Ban ce zan kai mata ba. Kai dai ka rubuto.

Gwaggonka, ko kana so ko ba ka so